Faratan Hannun Dama

A saman wani shagon wanki da guga a unguwar Nuzla na koyi kaɗa jita. Malamina mutumin Damagaram ne. A Yamai ya yi karatun kiɗa tun yana saurayi, irin kiɗan Turawan da, wanda ake kaɗawa a zaune, babu waƙa, babu ganga. Ya zo umra bai koma ba, kuma bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama. Da rana yana guga, hannunsa na dama a cikin safa don kada farce ya karye. Bayan la'asar mukan hau wurinsa, mu 'yan unguwa kaɗan.

Ni ba mai magana ba ne. A makaranta ma bayan aji nake zama da littafina. Shi bai damu ba, ya ce kunne yake nema a wurin ɗalibi. Abin da ya fara koya mini shi ne gyaran farce: a yanke na hagu ƙaf, a bar na dama su ɗan fito, a goge bakinsu da samfefa mai laushi har su daina kama zare.

Yana da kiɗa guda da ya tsara da kansa, daga wani sautin gurmi da yake ji a garinsu yana yaro. Bai rubuta shi ba. Ya ce abin da yake a yatsu babu mai ƙwace shi a hanya. Kashi-kashi yake koyar da shi, kuma sauran ɗaliban duk sun watse kafin tsakiya. Ni kaɗai na kai bakin kashin ƙarshe, inda yatsu uku suke bin tsirkiya ɗaya da sauri har sautin ya zama kamar zubar ruwa. Wannan ba ya yiwuwa sai da farce.

A makon da za mu fara shi, kawuna ya zo cin abinci bayan sallar Juma'a. Muna kewaye da tire ɗaya na shinkafa sai ya tsaya yana kallon hannuna. Ya tambayi Baba ko almakashi ya ƙare a gidan ne. Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Da baƙi suka tafi ya kira ni, ya ce da hannun nan nake ci, da shi nake gaisawa da mutane a masallaci.

"Halas, ya waladi, ya isa haka, ɗana. Yanke su a gabana."

Na yanke.

Washegari na nuna wa Malam. Ya juya hannuna yana dubawa, bai zargi kowa ba. Na roƙe shi ya nuna mini ko da tsokar yatsa ce.

"A'a, ɗana. In ka koye shi da mummunan sauti, haka za ka riƙe shi har ka tsufa. Farce yana tsirowa. Ina zan je?"

Na koma cin abinci da cokali a ɗakina, ina ɓoye hannu a aljihu. Kullum da safe sai na duba faratan. Ranar da na ga sun kai, na goge su da kyau na tafi. Na tarar shagon a rufe. Mai shayi na kusa ya ce an yi kamen marasa takarda, an tafi da Malam da safarsa a hannu. Jitar tana sama, jingine da bango. Daga baya wata hajiya 'yar garinsu ta ce an mayar da shi gida, amma ba ta san inda ya sauka ba.

Yanzu ina koyar da yara a unguwar Sharafiyya, da jitarsa. Ina fara musu da gyaran farce. Kashin ƙarshen na ji shi daga hannunsa, kuma wani lokaci nakan ji kamar ina tuna shi, amma ban yarda da tunanina ba, ba na so in ɗora masa abin da bai tsara ba. Kwanan baya wata yarinya ta kai inda na tsaya. Ta ɗago kai ta tambaye ni ko ya ƙare ke nan.

Na ce mata bai ƙare ba, nan dai na iya.