Tsohuwar da ta ƙi shiga motar ɗanta

Wata rana da safe ina tsaye bakin titi a Funtuwa ina jiran adaidaita, sai na ga abin da ya ɗaure min kai.

Wata tsohuwa ce ke tafe a ƙasa, tana share gumi da gefen hijabinta.

A bayanta wata baƙar mota mai tsada tana binta a hankali.

Ta tsaya, motar ta tsaya. Ta ci gaba, motar ta ci gaba.

Kun dai san irin labaran da ake ji yanzu.

Na matsa kusa na ce, "Sannu Inna. Kin kuwa san mai motar nan da ke binki?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Na san shi mana, 'yar nan. Ni na haife shi."

Ta ja ni muka zauna kan wani dakali don ta huta, ta ba ni labari.

Ta ce a ƙauye ta tashi. Ita da ƙawayenta, Tabawa da Kande da Yalwa, su ne daka, su ne ɗiban ruwa, su ne kai abinci gona. Tuwon dawa da miyar kuka, fura, rama. Kakarta ta kusa shekara ɗari tana zuwa kasuwa da ƙafarta. A lokacin, in ji ta, ciwon suga sai dai ka ji labarinsa daga birni.

Sai Allah ya buɗa wa 'ya'yansu.

Kowa ya ɗauko uwarsa ya kawo gari. Nata ɗan ya gina mata ɗaki, ya sa mata kujera mai laushi da talabijin, ya ce ko tsinke kada ta sake ɗagawa. Firji cike da lemon kwalba. Shayi mai kauri da safe, shinkafa da rana, soyayyen nama da yamma. Ko gidan maƙwabta za ta, a mota ake kai ta.

Ta yi ƙiba. Kowa ya gan ta sai ya ce, "Hajiya, hutu ya karɓe ki."

Kande ce ta fara. Hawan jini, sai shanyewar ɓarin jiki.

Tabawa suga ya taɓa mata ido.

Yalwa kuwa, Allah ya ji ƙanta.

Ita ma wata safiya ta miƙe za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta. A gadon asibiti ta farka. Jini ya hau, suga ya hau, ga maiƙo a jini.

Likitar da ta duba ta ta ce mata tsofaffi masu irin wannan sai ƙaruwa suke yi shekara bayan shekara, amma abin yana jin magani idan an tashi tsaye. Ta rubuta mata ƙwayoyi, ta ce ta rage zaƙi da gishiri da mai, kuma kullum ta taka ƙasa.

Ta koma tuwon dawarta. Ta fara tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida, tana haki. Yanzu har bakin kasuwa take kaiwa. A awon baya-bayan nan likita ta rage mata magani. Tabawa ma ta fara fitowa, jikarta na riƙe da hannunta.

Muna cikin haka aka buɗe ƙofar motar. Wani magidanci ya fito, tumbinsa na gaba yana biye, ya durƙusa da ƙyar.

"Inna, don Allah ki shigo mu koma. Me mutane za su ce? Ina da mota uwata na yawo a ƙasa?"

Ta dube shi ta ce, "Da nake kwance a asibiti, me mutanen suka ce? Sannu suka ce, suka tafi gidajensu. Ka hutar da ni, Allah ya yi maka albarka, amma saura kaɗan in huta gaba ɗaya. Kai kuma da kake nishi daga durƙuso, yaushe rabon da a auna jininka?"

Ya sunkuyar da kai.

Can ya miƙe, ya kulle motar, ya jefa makullin a aljihu.

"Mu je, Inna. Amma ki riƙa jira na."

Adaidaita nawa suka wuce ni ban tsayar ba, ina kallonsu har suka sha kwana.

Darasi:

Son iyaye ba ya nufin a zaunar da su wuri ɗaya a cika musu gaba da zaƙi. Rayuwa ta canza, cin mu ya canza, cututtukan tsufa ma sun canza. Amma ba a makara ba. Ku kai su a auna musu jini da suga tun ba su faɗi ba, ku kula da shan maganinsu, ku bar su su motsa jiki. In da hali, ku taka tare da su.

Idan akwai tsoho a gidanku da kuke son ya daɗe yana sa muku albarka, ku tura wannan labarin zuwa zauren danginku yau. Wataƙila wani yaya ko wata anti ce ke buƙatar karantawa.