Tanti Basira da Baƙuwar da Ba Ta Cin Nama

In ana biki a Filinge, kafin masu gida su gama sallar asuba Basiratu Alu ta riga ta yi sallama a ƙofa. Tsohon zane ɗaure a ƙugu, muciyarta a hammata, don ba ta yarda da muciyar gidan kowa. Yara da manya Tanti Basira muke ce mata. Sauran masu girki in sun zo, buhun shinkafa suke fara tambaya. Ita kuwa sai ta ja ƴar kujera ta zauna gaban uwar biki ta ce, "To, wa da wa za su zo?"

Ba don gulma take tambaya ba. So take ta san tsohon da haƙoransa suka ƙare, ta sassauta masa tuwo. So take ta san mai hawan jini ta ɗebe masa miya tun ba a zuba gishiri ba. Mutanen Bonkuku har yau suna ba da labarin wani suna da ta yi musu, da ta lura baƙin da suka zo daga Abala ba su taɓa kifi, ta aza musu wata tukunya ba tare da kowa ya ji ba. Tun muna samari take wannan aiki. Ta ciyar da rabin ƙasarmu ta Kurfai, amma in an tashi yabon biki, sai a yabi mai rago da mai kiɗa, ita tana can baya tana kankare ƙanzo.

Bana hayaƙi ya ci idanunta, gwiwoyi ma sun ce sun gaji, ta miƙa muciya ga surukarta. Shi ya sa ni Abdulrazak, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, na ce ba zan bari ta zauna shiru haka ba sai na faɗi abin da ta yi a gidanmu. Wallahi ina alfahari da cewa garinmu ɗaya da matar nan.

Yayana Issa ya tafi karatu Faransa tun ina yaro, ya yi aure can, can kuma Allah ya karɓi ransa. Ya bar ɗiya guda, Samiratu, wadda mahaifiyarmu Inna Kubura ba ta taɓa sa wa ido ba sai a hoto. Da aka sa ranar auren ɗiyata Balkisa, sai ga saƙo wai Samiratu za ta zo. Inna, da ƙyar take kai kanta bakin zaure, amma ranar har rawa ta taka.

Muka tarbe ta yadda muka iya tarbar baƙo. Aka kayar da rago a gabanta, Inna ta dama hura da nono mai kauri ta miƙa mata da hannu biyu. Yarinyar nan ta durƙusa, ta dafa ƙirji, ta ce mini da Faransanci in gaya wa Kaka ta yi haƙuri. Ba ta cin nama. Na ce to ai akwai kaza. Ba ta ci. Kifi fa? A'a. Ƙwai, nono, man shanu, duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma. Na ce, "Ikon Allah! Ƙudan zuman ma ya samu mai kare shi?" Ta yi dariya, amma ba ta sha hurar ba.

Matata ta ce ai abu mai sauƙi ne. Ta tsince naman da ke cikin miya tas, ta kai mata, ta ce ga miya ba nama. Samiratu ta shinshina, ta yi godiya, ta rufe kwanon. Haka ta yi ta zama a gidan ubanta tana cin burodi da dabino. Inna kuwa ba ta ji da wata Faransa. Ta kira ni ɗaki, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Mi na yi ma ɗiyar Issa? Wanda ya ƙi tuwonka, kai ya ƙi." Daga ranar ita ma ta daina cin abin kirki. Ga biki ya matso, washegarinsa Samiratu za ta koma Yamai ta hau jirgi, kuma kowa ya san shekarun Inna ba na jiran wata zuwa ba ne.

A haka Tanti Basira ta zo shirin girki ta tarar da mu. Da ta yi tambayarta ta kullum, na zayyana mata komai, ina jiran ta riƙe baki kamar kowa. Ko gezau.

"Ta ce haramun ne?"

Na ce a'a, ta ce dai ita ba ta ci.

"To shi ke nan. Ni ba alƙali ba ce, Malam. Ciki aka ba ni in cika."

Ranar kasuwa ta kama hannun Samiratu suka fita, ba ta ko nemi in bi su in yi tafinta ba. Wai ɗaga abu take ta nuna mata, yarinya ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Suka dawo da zogale, kabewa, wake, ƙuli-ƙuli, daddawa, ƴaƴan kuka, da sabuwar tukunyar ƙasa da sabon ludayi, don ta ce tsofaffin sun sha maiƙo har cikin ƙashinsu. Ɗanɗanon miya na kanti ma ta ce ba zai shiga ba, tunda ba ta san abin da aka dunƙule a ciki ba.

Nan fa muka yi ta da ita. Balkisa ta nace a yi mata irin na Yamai, a jera abinci bisa tebura kowa ya ɗiba da kansa. Ni a tunanina za a yi wa Samiratu ɗan kwanonta a kai mata ɗaki. Sai na ji Tanti Basira na cewa dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, su ne za su zauna tsakiyar tebur.

Na ce, "Haba Tanti! So kike a ce Abdulrazak ya aurar da ɗiya da ganye? Abincin da ake ci in rumbu ya ƙare?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ragunanka na nan, ba wanda ya hana ka yanka. Nama ya zauna tirensa gefe, mai so ya kai hannu. Amma ɗiyar gida ba za ta ci abinci a lungu ba kamar mai ƙazuwa. In an yi maka gori, ka ce Basira ce."

Na sakar mata, don ta fi ni gaskiya, kuma ta fi ni murya.

Ranar biki na leƙa bayan gida wajen murhu, sai na tarar da abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. An juye dambu a babban akushi, turiri na tashi. Tanti Basira ta juya baya tana duba ƙosai. Sai ga Inna ta lallaɓo da sandarta, ta zaro ƴar kwalbar man shanu daga cikin zane, ta buɗe tana shirin tsiyayawa. A wurinmu ai ba a girmama baƙo da busasshen abinci, kuma ita gani take yarinyar ta rame. Ban san yadda aka yi ba, kafin ɗigo ya sauka Tanti Basira ta riƙe mata wuyan hannu.

"Inna, kar ki yi."

"Kaɗan ne, Basira. Ba za ta sani ba."

"Ni na sani. Na ce mata ta ci ba fargaba, ta yarda da ni. In ta ji shi a bakinta, ba za ta sake yarda da kwanon gidan nan ba."

Inna ta fashe da kuka. "To ni mi zan zuba mata? Ɗiyar ɗana ta zo, hannuna bai sa mata komi ba?"

Ke ce, Basira, kika ji abin da mu ƴaƴanta ba mu ji ba. Mu duka muna ta lissafin abin da Samiratu ba ta ci, ke kaɗai kika gane tsohuwa ma tana da tata yunwar. Ba ki yi mata faɗa ba, ba ki kore ta daga murhu ba. Kika aza ƙaramin kasko, kika zuba man gyaɗa, kika yanka albasa a ciki har ta yi ja, ƙamshi ya cika gidan. Kika juye a ƙoƙo, kika sa mata sabon ludayi a hannu kika ce, "Ga naki, Inna. Amma ba nan za ki zuba ba. A gabanta za ki zuba, tana kallo."

Haka aka yi. Da aka jera abinci, ga dambu, ga kopto, ga wake da shinkafa, ga miyar kabewa da gyaɗa, ga ƙosai, ga hura da aka dama da ruwan ƴaƴan kuka maimakon nono, naman kuma na gefe. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma kusa da tebur. Samiratu ta ɗebo dambu ta zo ta zauna gabanta. Inna ta ɗaga ludayi, ta kwarara mata mai har ya taru a gindin akushi. Yarinya ta dubi Tanti Basira, ita kuma ta gyaɗa mata kai. Sai Samiratu ta wanke hannu ta sa, Inna ma ta sa nata.

Ba su da harshe guda, amma sun ci sun yi nak. Can sai na ga Inna ta tsaya da loma a hannu. Ashe Samiratu tana bin soyayyar albasar nan tana tsincewa tana ci tun kafin ta taɓa dambun. Inna ta ce, "Abdu, zo ka gani! Haka Issa ke yi mini. Sai ya cinye albasa ya bar wa ƙannensa gaya." Na fassara wa Samiratu. Ta ajiye hannu, ta kifa kai a cinyar kakarta, su biyu suka yi ta kuka, ni ma na nemi inda zan juya fuska.

Gorin da nake tsoro kuwa, ko ɗaya ban ji ba. Wani abokina daga Damana ne ma ya zo yana mita wai an bar shi da nama, kopto ya ƙare.

Damina ta gaba Inna ta rasu. Akushin nan shi kaɗai suka taɓa ci tare da ɗiyar Issa, kuma har ta koma ga Allah, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin albasa.

Basira uwar murhu, mai tuƙi ba gudaji, mun gode. Allah ya huce miki idanun da kika ƙona dominmu, ya sa ki ci na Aljanna ba ke kika hura wutarsa ba. Ku kuma masu tasowa, mata da maza, in baƙo ya ce ba ya cin abu, ku bar yi masa shari'a, ku bar yi masa dabara a ɓoye. Ku ja kujera ku tambaya yadda take tambaya. Da Tanti Basira ta kau da kai ranar nan na ɗan lokaci kaɗan, da mahaifiyata ta tafi kabari tana cewa jikarta ta ƙi ta.