Baba da Famfon Kifi

Shekarar da ƙafa ta hana Baba noman albasa, na ɗauko shi daga Lambara na dawo da shi gidana a Bodinga. Mutumin da ya saba wuni a fadama sai ga shi a kujera yana hararar bango. Rediyo ya ce surutu ne, talabijin kuwa ƙarya. Abu ɗaya ya shiga ransa: akwatin gilashi mai jajayen kifaye da na sayo a Sakkwato. Ya ja kujerarsa gabansu, yana ba su abinci, yana yi musu faɗa kamar jikokinsa. Na san in kifin nan suka tafi, bango zai koma wa.

Sai kuwa suka fara tafiya. In na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai in tarar da su a saman ruwa suna buɗe baki, ƙasan akwatin ya taru da dauɗa. Mai sayar da kifin, masani a kan komai muddin za ka saya, ya ce ruwan ne ba ya zagayawa. Na canza famfon lantarkin da ke zagaya da ruwan. Na ɗaga bakinsa sama don ya riƙa kaɗa fuskar ruwan. Na kwashe duwatsun adon da suka tare hanya, na ƙara bututun iska. Da yamma ruwa yana ta wulwulawa gwanin sha'awa, ni kuma ina tsaye ina jin kaina injiniya. Washegari wani kifin ya mutu. Na zagi famfon, na zagi mai sayar da shi, har da ƙasar da aka ƙera shi.

Wata rana na manta makulli na juyo daga hanya, na iske Baba ya miƙa sandarsa yana kashe soket ɗin famfon. Ashe kullum haka yake yi, in ya ji ƙarar babur ɗina ya kunna, wai kada in ji haushi. Madalla da wannan tausayi.

"Baba, don Allah me ya sa?"

"Ruwa sun cika, mi injin ga ka yi kuma?"

Ya ƙara da cewa duk fadamar Shagari ba a taɓa barin inji yana aiki bayan fangalin shuka ya cika da ruwa ba, sai dai ɗan banzan da ke son albasarsa ta ruɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa kifi ba albasa ba ne, numfashi yake da motsin ruwan, in ruwan ya tsaya shaƙewa yake. Ya dubi akwatin. Saura ɗaya. Ya tambaye ni ko ke nan shi ya kashe sauran. Na ce ajali ne. Bai ko kalle ni ba, ranar kuma bai ci tuwo ba.

Daga nan soket ya samu mai gadi. Matata ta zo za ta sa cajin waya, ya kore ta da sanda.

Ran nan aka ɗauke wuta tun hantsi. Na dawo bayan la'asar na same shi tsaye a kan ƙafar da ba ta ɗaukarsa, ya dafa bango, yana ɗibar ruwan akwatin da moɗa yana tsiyayawa daga sama, kamar mai fifita koko. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Matata ta ce sallah kaɗai ta tsayar da shi, kuma ya hana ta taɓawa. Kifin yana can ƙasan ruwan yana yawonsa.

"Bar kallona," in ji shi. "Amshi, hannuna ya mutu. Kuma kada ka tsaya."