Bakin Zanena

Shekarar da aka ɗauke ma'aikatar su ɗana daga Legas aka kawo Abuja, ni ma aka haɗo da ni cikin kaya. Gidan da aka ba shi a Garki ciki biyu ne da falo, a hawa na biyu, warin fenti bai gama fita ba. Mu shida muka shiga: shi, matarsa, yaransu uku da ni. Bayan wata biyu aka haifi ta bakwai ɗinmu, mace, bakwaini. Ranar da aka sallamo su daga asibiti likita ya ja wa uwar kunne a kan abu guda: kada mura ta kama jaririyar, ƙirjinta bai yi ƙwarin ɗauka ba.

Damina ce, yaran kuma duk sun kwaso tari daga sabuwar makaranta, inda aka tara 'ya'yan mutane daga ko'ina. A Legas da tsakar gida, mai tari sai a kora shi waje. Nan kuwa ba wajen da za a kora yaro, sai matakalar bene.

Ni na karɓi aikin tsaro, don ba wanda ya fi ni zaman gida. Na ajiye kujerata a bakin ƙofar ɗakin mai jego, na kafa doka. Mai tari ya kau da kai daga mutane da kwanon abinci, ya rufe bakinsa, sannan ya ɗauki buta da sabulu ya wanke hannu. Mai yoyon hanci ba ya tsallake ƙofar nan.

Babban, ɗan shekara tara, shi ya fi ba ni aiki. Sai ya saki atishawa a kan tuwo, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdulillahi!" yana jiran a amsa masa.

Na ce, "Godiyarka ta yi kyau, maigida, amma miyar ta lalace. Wa zai ci majinarka?"

Ya ce, "Kaka, ai ita ta zo ba sallama."

"To kai ka tare ta a ƙofa. Tashi ka wanke hannu."

Cikin mako guda sun koya. Ko a bayan gida ɗayansu ya yi tari ina ji, kuma daga ƙarar na san ko an rufe baki ko ba a rufe ba.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa nas ce, Kirista, mutuniyar Filato. In ta taso aiki takan hawo ta duba jaririyar. Wata la'asar tana zaune muna gaisawa, ƙaramin ya yi atishawa yadda na koya masa, ya juya bango ya rufe baki. Na kira shi, na kama bakin zanena na share masa hanci. Ta tsakiyar ta zo wucewa, na ga nata ma yana zuba, na share. Sai jaririyar ta yi kuka, uwar na wanka. Na shiga na ɗauko ta, ta yi tumbuɗi, na kai hannu ga bakin zane.

Nas ɗin ta ce, "Mama, tsaya."

Na tsaya.

Ta ce, "Zanen nan, hanci nawa ya share yau?"

Na ce, "Yarinya, da bakin zanen nan na raini 'ya'ya shida. Uwata ma da nata ta raine mu."

"Ban musa ba, Mama. A cikin shidan akwai bakwaini?"

Babu. Na saki bakin zanen. Ta ce, "Kin tsare ƙofa, ko soja sai haka. Amma murar ba ta ƙofa take shiga ba, a jikinki take hawa."

Na lissafa a raina. Tun dawowarsu daga asibiti, ba ranar da ban goge wa yarinyar nan baki da wannan gefen zanen ba. Hannuna ne yake zuwa da kansa, ban taɓa kallonsa ba.

Da ta sauka na tuɓe zanen, na ɗaura wani. Atamfa ce mai kyau, ɗana ya saya mini kafin mu taso. Na wanke ta, na sa almakashi na yanka ta gida goma sha biyu, na kalmashe bakin kowane da allura. Washegari kowane yaro na maƙala masa ɗaya a gaban riga da fil. Dokar ta ƙaru: tari da atishawa a cikin ƙyallenka, hancinka da ƙyallenka, ba aro. Da yamma in karɓe, in dafa su a tsohuwar tukunya, in shanya a baranda. Jaririyar kuma aka ware mata nata farare, ba mai taɓawa sai da wankakken hannu.

Babban ya dubi nasa ya ce, "Kaka, ai zanenki ne wannan."

Na ce, "Shi ne. Laifi ya yi aka yanka shi."

Saura ni. Hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya ba ya jin magana. Sau biyu na kama kaina na kai shi rabin hanya. Sai na ƙulle bakin zanen, ƙulli babba mai tauri, yadda in hannu ya je zai ci karo da shi ya dawo.

Kwana biyu bayan maganar nas, jaririyar ta fara atishawa, hancinta ya toshe, ta rage kama nono. Aka mai da ita asibiti, ta kwana huɗu, aka dawo da ita. Ko zanena ne ya kai mata, ko wani abu daban, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Daga nan har damina ta ɗauke ba ta sake ba.

Ta rayu, ta yi ƙiba, ta zo ta fi yayyenta baki. Ƙullin kuwa ban daina ba, kowane zane na ɗaura sai na yi shi. Matan unguwa suna zaton kuɗi nake ɓoyewa a ciki, har akwai mai tsokanata in kwance a raba. Na taɓa kwance mata ta gani. Ba komai a ciki.