Jirgin da ya fito daga garkar yayana

Ko zan manta komai a duniya, ban da shekarar da jirgin ruwa ya fito a garkar yayana, a fadamar Badaguishiri. Rijiya yake ƙara wa zurfi don ban ruwan albasa, sai ya ci karo da baƙin itace. Da aka buɗe taɓo, ga kwale-kwale kwance. Nan tsofaffi suka tuna labarin kakan kakanmu, wanda aka ce jirginsa ya nutse lokacin da wurin yake tabki. Da can tatsuniya muka ɗauke shi.

Ba a jima ba mota ta zo daga buro, wato ofishin gwamnati, da wata madam mai binciken kayan tarihi. Ta ce gwamnati ta ware kuɗi don a bincika jirgin, a adana shi. Ta kafa turaku kewaye da ramin, ta ce wa yayana, "Malam, don Allah ku bar shi cikin taɓo, kuna zuba masa ruwa har mu dawo da kayan aiki."

To fa! Gwamnatin da ba ta gyara mana hanya ba, ita ce za ta kashe kuɗi kan ruɓaɓɓen itace? Kowa a gari ya ce da wata a ƙasa. Wasu suka ce zinariya suka hango. Yayana kuwa turakun nan ne suka hana shi sakat, don garkar ita ke ciyar da gidansa.

"Ka taɓa jin an adana abu da ruwa?" ya tambaye ni. "Hatsi shanyawa ake yi, albasa ma haka. So suke ya zauna nan, gobe su ce fili ya zama nasu."

Na ce, "Yaya, a jira su dawo mana." Ya ce in ina da garkar da zan ba shi, sai ya jira. Wallahi ni ma turakun ba su kwanta mini ba.

Ya tara maƙwabta da shanun huɗa, aka ɗaura igiya, aka jawo jirgin zuwa kan fako. Ya yi masa shimfiɗar kara, ya shanya shi da kyau, har yana korar awaki. Shi a ganinsa gata ya yi wa kayan kakanninsa. Rana ta buge shi, itacen ya fara tsagewa yana murɗewa, in ka taɓa sai ya marmashe a hannu.

Da madam ta dawo, ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta ɗebi garin itacen, ta ce ruwan nan shi ya riƙe jirgin duk shekarun nan. Ta tumbuke turakunta da kanta, ta sa a mota.

Har yau ban san ko da an jira da an karɓe garkar ba. Tana nan, albasa na yi. Amma na ga yayana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, yana tsintar guntayen jirgin kakansa cikin hula. Tun ranar na koyi cewa in ina zargin mutum, in fara tambayarsa dalili kafin in ɗauko igiya.