Agogon da Ya Tona Asirin Tabawa

Wata rana Dakta Sahura ta lura cewa ɗaya daga cikin agogunanta ya yi shiru.

Masaniyar ƙwaƙwalwa ce. Shekara tara ta yi tana koya wa ƙirƙirarriyar basira gane alamun farfaɗiya tun kafin ta kayar da mutum. Ta saka ilimin cikin agogon hannu mai aiko mata da bayanin lafiyar mai shi kullum. In ciwon zai taso, sai ya yi ƙara mai ƙarfi, mai shi ya nemi wuri ya kwanta.

An tafa mata a taruka har kai ya ɗan fara girma.

Cikin waɗanda ta ba kyauta akwai Tabawa, mai waina a tashar mota. Mace ce mai yini gaban wuta da tafasasshen mai, shi ya sa Sahura ta fi jin daɗin wannan kyautar.

Yanzu kwana goma ke nan agogon Tabawa bai aiko da komai ba. Ta ɗauki mota ta tafi.

Ta tarar da waina jibge a roba, ta huce. Benci babu kowa. Masu abincin gefe kuwa har layi ake yi musu.

Tabawa ta kwance bakin zane, ta miƙo mata agogon.

"Inna, ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Likita. Shekara ashirin in na ji jikina ba daidai ba, sai in ce zan shiga bayi, in kulle ƙofa. Ba wanda ya sani a tashar nan. Agogonki ya gaya mini zan faɗi, ya kuma gaya wa duk tasha."

Ranar da ya yi kuka, direbobi suka taru suna tambayar mene ne. A gabansu ta faɗi ƙasa. Washegari magana ta zagaye: wai ana ɗaukar ciwon ta yawu, kada a ci abincinta.

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma wa zai tsaya ya saurara?

Kunya ta rufe Sahura. Ta auna bugun zuciya, ta auna zufa, ba ta taɓa tambayar matar nan abin da take tsoro ba.

Yini ɗaya kacal ya ɗauke ta ta cire ƙarar, ta mai da shi mai girgiza a shiru.

Da ta koma da sabon, wani mai shayi a tashar ya ce Tabawa ta kwashe kayanta ta tafi ƙauye. Bai ko san sunan garin ba.

Darasi: Kafin ka kawo wa mutum mafita, zauna ka ji ta bakinsa. Kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta, mu daina gudun masu ita.

Tura wa wani, wataƙila akwai mai ɓoye nasa ciwon kusa da kai.