Mijin Tsohuwa da Zinariyar Rami

A layin masu gyaran agogo, tsakanin shagon tela da kantin magani, akwai wata 'yar ƙofa shuɗiya da ba kowa ke lura da ita ba. Nan ce maƙerar mutumin da duk unguwa ke kira Mijin Tsohuwa. Ba wata tsohuwa ya aura ba, matarsa ma ta rasu da sauran ƙarfinta. Allon da ya kafa a bakin ƙofa ne ya ja masa, domin an rubuta a jiki cewa tsohuwar zinariya kaɗai ake narkawa a nan. Tela ne ya laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa musawa ba, sai dai ya ce ai gara tsohuwa, ita ba ta yaji.

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana ƙera kayan ado. Mata ne ke kawo masa ɗankunnen da ɗan'uwansa ya ɓata, da sarƙar da ta tsinke, da zoben kaka da ya yi wa jika yawa. A gaban mai kaya yake ɗora su a sikeli, ya goga a kan dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid, sannan ya faɗi abin da ya gani ko da ba zai yi daɗin ji ba. Mace nawa ta fita tana tsaki don ya ce mata, "Hajiya, wannan tagulla ce aka yi wa wanka." A ƙarƙashin teburinsa akwai fata a ɗaure mai tare garin da ke zuba daga magagari, kuma in ya gama aiki sai ya kakkaɓe garin a takarda ya miƙa wa mai shi. Ruwan asid ɗin da ya gama amfani ba ya shiga kwata sai an kashe shi da toka. Masu kawo ɗanyar zinariya daga ramukan haƙa kuwa tuni suka daina tsayawa a ƙofarsa, don ko kwance ƙunshinsu ba ya bari su yi.

Mutane sun ɗauka tsantsar tsoron Allah ne, har ana ba da misali da shi. Tsoro kam akwai shi, sai dai ba wanda suke zato ba.

Lokacin yana sabon aure, shi ne kan gaba wajen sayen zinariyar rami. Masu haƙa sukan niƙa dutse su cuɗa garin da zaiba, wannan ƙarfen mai gudu kamar ruwa, ita ce ke tattaro musu zinariyar. Su matse a tsumma, su ɗan ƙona sama-sama, su kawo wani dunƙule mai huji-huji kamar soso. Araha gare shi ƙwarai. Abin da bai sani ba shi ne sauran zaiba na maƙale a cikin hujojin, kuma da zarar an sa wuta sai ta tashi ta bi iska, ba launi, ba wari. A ƙuryar shago yake narkawa, taga a rufe don kada iska ta karkatar da harshen wuta. Amaryarsa kuwa ba ta son zaman gida ita kaɗai, sai ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙuryar da cikinta na fari, tana yi masa hira har a tashi.

Yaron da ta haifa bai taɓa zama da kansa ba, bai taɓa cewa Baba ba. Shekara shida suka yi suna yawo da shi, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jinin dangin uwa ne. Sai bayan yaron ya rasu, da hannun maƙerin ya fara rawa kuma dasashinsa ya fara jini, wani likita ya dube shi ya tambaye shi abin da yake narkawa, da kuma wa ke zama kusa da shi in yana yi. Daga asibitin bai zarce gida ba, wajen mai rubuta allon shago ya nufa, ya sa aka yi masa wannan na bakin ƙofa. Amma matarsa bai gaya mata ba. Ya ce gobe, ya ce in ta huce, ya ce in ta sake haihuwa lafiya. Ta haifi 'ya mace lafiyayya, 'yar ta girma, uwar kuma ta koma ga Allah tana zargin jininta. Wannan rashin imani ne, ko da wane suna ya kira shi, kuma shi ma ya san haka.

'Yar, wadda yake kira Auta ko da yake ita kaɗai ta rage masa, a gindin teburin nan ta tashi. Da rawar hannu ta hana shi zare waya da dasa dutse, ita ta karɓi hantsaki, kuma cikin shekara uku ta fi shi. Ya koya mata komai, har yadda ake gane zafin wuta da ido. Dokar zinariyar rami ma ya koya mata, amma in ta tambayi dalili sai ya haɗe rai ya ce, "Haka nake so." Rawar hannu kuwa ya ce mata tsufa ne.

Mijinta mutumin kirki ne, mai fara'a, aibinsa ɗaya waya ba ta barin kunnensa, shi ya sa tsohon ke ce masa Ɗan Waya. Shi ya fara ɗaukar hoton kayan yana sawa a intanet, yana rubuta cewa zinariyarsu tsohuwa ce da aka sabunta, ba a fasa ƙasa ba, ba a gurɓata rafi ba, ba a sa yaran kowa cikin rami ba. Ashe akwai masu neman irin wannan da yawa, har daga garuruwa masu nisa. Aiki ya yi ta shigowa har ya fi ƙarfin 'yan karyayyun 'yan kunnen da matan unguwa ke kawowa. Ana cikin haka, bayan shekara biyar ana jira, Auta ta samu ciki. A daidai lokacin kuma tsohon ya zame a bakin ƙofar wanka ya karya ƙugu, ya yi wata uku a kwance.

Ranar da ya dawo shago da sandarsa, da hantsi ne, ana yayyafi. Tela ya leƙo ya ce, "A'a, ango ya dawo wa tsohuwarsa!" Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, domin idonsa ya riga ya sauka a kan akwatin gilashi. A cike yake fal da sababbin awarwaro masu kauri. Ya juya ya dubi tiren da ake tara tsofaffin kaya, bai ga abin da zai cika tafin hannu ba. Ya san yawan abin da unguwar nan ke kawowa a wata, kuma ko a mafarki ba zai yi awarwaro goma sha biyu ba.

Auta ta fito daga ƙurya da murna, ciki ya turo gaba, ta ja masa kujera. Tana cikin gaishe shi ta juya ta tofar da yawu a wani gwangwani da ta ajiye gefen tebur, ta sake tofarwa.

"Yi haƙuri, Baba, jikan nan naka ne. Yawu kamar famfo. Bakina kuma kullum sai ka ce na tsotsi ƙusa."

"Ƙusa?" in ji shi.

"Ɗanɗanon ƙarfe dai. An ce haka wasu ke yi."

Ya san wannan ɗanɗanon, shekara da shekaru yana kwana da shi yana tashi da shi. Ya tura ƙofar ƙurya da sanda. Tagar a rufe take ruf, har an cusa tsumma a inda ruwa ke shigowa. Kasko na kan bulo, da sauran ɗuminsa. Ya ja aljihun teburin da ke kusa, ya ga wani ƙunshin leda an naɗe da roba. Sai da ya yi fama kafin yatsunsa su kwance shi. Dunƙule uku ne, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba, launinsu ya koɗe, jikinsu duk huji.

Ɗan Waya ya shigo yana kakkaɓe ruwa daga hula, ya ga abin da ke hannun surukinsa, ya rusuna a hankali.

"Baba, da ma ina so in yi maka bayani in ka warware. Aiki ne ya yi yawa, tsohuwar ba ta isa. Wani bawan Allah ne ke kawowa a babur. Na ga ai in ta shiga wuta duk ɗaya ce, ko kai ba za ka bambance ba. Da kaya sun lafa za mu daina."

"Masu saye fa? Me kake rubuta musu?"

Ɗan Waya ya sunkuyar da kai. Auta ta ce, "Ni ma na ce masa ba kyau, Baba. Amma na ga dokar taka ce, ta tsantseni, ba wani abin da za ta..."

"Wa ke narkawa?"

"Ni mana. Wa ya iya in ba ni ba?"

"Tun yaushe?"

Ta yi ɗan lissafi da yatsu. "Tun satin da ka faɗi. Sau biyu a mako, wani lokacin uku."

Ya nemi kujera ya zauna. Wata uku, taga a rufe, fuskarta a kan kasko tana duba zafin wuta da ido kamar yadda shi da kansa ya koya mata. Ya so ya yi ihu, ya so ya ɗaga sanda ya rafka wa surukin nan, amma ya rasa ta inda zai fara ganin laifinsa. Mutumin ya karya doka ce da aka ba shi ba hujja, kuma wanda ya ɓoye hujjar yana zaune a kan kujera.

"Buɗe tagar nan," ya ce da surukin. "Buɗe ƙofar waje ma. Auta, fito daga nan, zo ki tsaya a bakin titi."

"Ruwa ake yi fa, Baba."

"Gara ruwa. Fito."

A ƙarƙashin rumfar tela suka tsaya su uku, keken ɗinki na ta ƙara a bayansu. A nan ya faɗi abin da ya shekara talatin yana haɗiyewa. Ya faɗi zaiba da yadda take tashi ba a gani, ya faɗi kujerar mahaifiyarta a bakin ƙurya, ya faɗi tambayar likita. Ya ɗaga hannayensa biyu suna karkarwa ya ce wannan ba tsufa ba ne. Ya ce yayanta da take jin labarinsa, wanda aka ce mata iska ce ta taɓa shi, ba wata iska sai wadda ubansa ya hura masa tun yana ciki. Keken tela ya tsaya tun ana tsakiyar magana, bai kuma sake tashi ba.

Auta ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Mama ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Har ta rasu?"

"Har ta rasu."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta zaro hannunta na dama daga cikin mayafi ta miƙa a gabansa, yatsu a buɗe. 'Yar rawa ce, ba mai yawa ba, in ba maƙeri ba ba wanda zai lura.

"Sati biyu ke nan," ta ce. "Na ɗauka gado ne. Ɓoyewa nake yi don kada ka gani ranka ya ɓaci."

Ɗan Waya ya yi salati, ya fita cikin ruwan ba hula yana ɗaga wa motoci hannu, ya dawo, ya sake fita. Mai kantin magani, wadda ta ji rabin zancen daga ƙofarta, ta ce su tafi babban asibiti yanzu, su tafi da dunƙulen a leda, su ce a auna jini da fitsari, kuma kada kowa ya sake shiga ƙuryar. Ta ce wata uku ba shekaru ba ne, akan dace. Ba ta ce za a dace ba, kuma tsohon ya lura da haka.

Da mota ta tsaya, surukin ya buɗe wa matarsa ƙofa yana magana da sauri kamar mai rarrashin kansa. "In Allah ya yarda ba komai. Ai yana motsi, ko? Jiya ma har ni na ji shurinsa. Yaron da ke shuri haka ai lafiyarsa lau."

Auta ta dafa cikinta, ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa. Ba mijinta ta duba ba.

"Baba, Yaya fa? Shi ma yana motsi a ciki?"

Ya tuna mahaifiyarta a kan kujerar nan, tana dariya tana cewa wannan ɗa naka da masabar ƙira zai fito, irin dukan da yake yi mini. A'a kawai zai ce 'yarsa ta shiga mota da sanyin rai, kuma ba mai ƙaryata shi, don wadda ta sani tana ƙasa. Direba ya danna ham. Ruwa na zuba daga bakin rumfa a kafaɗarsa.

"Yana yi," ya ce. "Sosai ma."

Ta shiga ta ja ƙofa. Shi kuma ya zagaya da sandarsa ya zauna a gaba, ledar a cinyarsa, ya ce da direba ya sauke gilashi duka.